Sunanka a Bakin Dije

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, ina roƙonsa ya tsare alƙalamina daga ƙari da ragi.

Abba, ɗana, na san irin wannan rubutu tsofaffi ne ke yin sa, bayan furfura ta gama fitowa. Ni ko talatin ban kai ba, kai kuma yanzu kake koyon tafiya, kana dafa turmi kana faɗuwa. Amma magana a Jibiya ba ta jiran mutum ya tsufa. Kafin ka yi wayo za ka ji an ce kakarka ta zauna gaban kyamara ta yi wa ɗan bindiga addu'a. Wasu za su ce ta manta da mijinta, wasu su ce baƙi ne suka zo daga Maradi suka sasanta ta da maƙiyanta. Fim ɗin ma za ka gan shi da idonka, tun da yana yawo a wayoyin mutane. Ina so kafin nan ka ji yadda abin ya kasance daga wadda aka yi komai a gabanta, ka kuma san dalilin da ya sa a duk garin nan mace ɗaya ce, mai tallar nono, take kiran ka da sunanka na yanka.

A wani ƙauye na wajen Gangara aka haife ni. Inna, mahaifiyata, wadda tsaranta ke kira Hajo, fura take yi ta sayarwa, kuma duk wanda ya taɓa shan ta ya san hannunta yana da nauyi wajen citta da barkono. Dije kuwa daga rugar da ke bayan gonarmu take zuwa, da ƙwaryar nono a kanta, faifai a rufe, tana tafiya kamar ba ta ɗauki komai ba. Tun kafin a haife ni suke tare. Ita ta kawo nono, Inna ta fito da fura, su zauna a gindin tsamiyar ƙofar gida su sayar tare, kowace ta san rabonta. Ban taɓa jin sun gaisa irin gaisuwar mutane ba. Dije tana sauke ƙwarya Inna za ta ɗaga faifan ta leƙa.

"Yau kuma rijiyar wa kika tatsa?"

"Rijiyar da kike ɗebo barkonon da kike kashe mutane da shi. Miƙo mani hurar nan in ga ko za ta damu, jiya sai da na sa guiwa."

Haka za su yini. Ni kuma ina gefe da littafina a cinya, ba karatun nake ba, kallon yadda farin nono ke haɗiye curin fura nake yi, ina ƙirƙira musu waƙa a raina.

Baba manomi ne, mai son raha. Idan an gama girbi, Buba mijin Dije yakan koro shanunsa cikin gonarmu su ci kara su bar mana taki, Baba kuma ya auna masa gero. Ka san Inna ba ta faɗin sunan mijinta. Malam take ce masa, in kuma tana ba da labarinsa ta ce mai gidan nan. Ko yaron maƙwabta da aka sa wa sunan, mai sunan Malam take kiran sa. Dije ta ma fi ta kunya, ita ko mai gida ba ta cewa, sai dai ta ce "shi", ta kawar da kai. Amma mijin wata ba naki ba ne, babu kunya a tsakani. Dije takan tsaya a bakin zaure ta ɗaga murya ta ce, "Isiyaku, mai rowar gero, fito ka biya shanu ladan aikinsu." Inna kuma ta leƙo ta katanga ta ce, "Buba, shanunka sun cinye mani kuɓewa, ka ce da matarka ta rage ruwa a nono mu yi sulhu." A lokacin ban ɗauki wannan a bakin komai ba.

Abin da ya biyo baya ba zan tsawaita shi ba, domin za ka ji shi a bakin kowa. Daji ya lalace. Aka kore wa Buba shanunsa, aka kashe ƙaninsa a hanyar kasuwa, wata rana aka wayi gari babu shi a ruga, aka ce ya bi mutanen daji. Aka shigo ƙauyenmu aka ƙone rumbuna, Baba ya ɗauki bindigar toka ya shiga 'yan sa-kai. A damina ɗaya suka mutu, a daji ɗaya. An kawo mana gawar Baba. Ta Buba ba wanda ya kawo. Ko sun haɗu a ranar, ko ba su haɗu ba, Allah kaɗai ya sani. Muka kwashe abin da ya rage muka dawo Jibiya, gidan Baffa Lawal, yayan Baba, kusa da titin da manyan motoci ke bi su tsallaka iyaka. Dije kuma muka ji ta koma wajen ɗan'uwanta a gefen Farfaru.

Inna ta yi takaba ta gama, ta yi wanka ta sauya kaya, amma turminta da muka ɗauko daga ƙauye yana kwance a bayan ɗaki, kaji na ƙwai a ciki. Ba ta kuka. Tana shara, tana girki, tana amsa gaisuwa. Fura ce dai ba ta yi, ba ta kuma sha, ko an kawo mata sai ta ce ƙirjinta. Wani abin da na daɗe ban lura da shi ba shi ne sunan Baba ya ɓace daga gidan. Mu 'ya'yansa Baba muke cewa. Shi kuwa Baffa "marigayi" yake cewa, muryarsa a ƙasa. Inna kuwa da ma ba ta faɗa. Waɗanda ke kiran sa da suna suna dariya duk sun watse, kowa ya kama gabansa. Nakan rubuta sunan a takardun makaranta, in tsaya ina kallon haruffan, sai in ji kamar sunan wani baƙo ne.

A shekarar da na fara koyarwa a wata makarantar 'yan mata, wata mai suna Mariyama ta tsallako daga Maradi. 'Yar can ce, amma a nesa ta yi karatu ta kuma daɗe, Hausarta tana tafe tana tuntuɓe da Faransanci. Makaranta lakwal take ce mata, 'yan kwastan kuma duwan, kullum da labarin yadda suka juya mata jakar kyamara suna tambaya ko injin awon jini ne. Fim take haɗawa, ba irin na 'yan wasa ba. Mutane na gaske ne za su zauna su faɗi abin da ya same su. Matan da rikicin daji ya kashe wa maza take nema, na wannan ɓangare da na wancan. Da yake cikin gidaje za a shiga, ba ta zo da namiji ba, daga ita sai wata doguwar mata mai shiru da ke riƙe da sandar ɗaukar murya, sandar kuma an sa mata gashi buzu-buzu a baki. Shugabar makarantarmu ta haɗa ni da ita in riƙa yi mata rakiya.

"Ƙanwata," in ji ta ranar farko, "a rediyo kullum sai a ce an kashe mutum kaza. Ni ba kaza nake so ba. Ina so kowace mace ta kalli kyamara ta faɗi sunan mijinta, duniya ta ji mutum ne, yana da suna."

Maganar ta shige ni har na manta da abin da kowace yarinya a unguwarmu ta sani. Na ji daɗinta kamar baitin waƙa. Ban tsaya tunani ba na ce mata ina da mata biyu da suka yi shekaru suna cin abinci a ƙwarya ɗaya, mazansu suka mutu a ɓangarori biyu, kuma tun daga nan ba su sake ganin juna ba. Idonta ya yi haske. Ni kuma a cikin raina ba fim ɗinta nake hange ba. Turmin nan nake so ya tashi tsaye.

Baffa Lawal na fara gaya wa, domin gidansa ne. Yana zaune a zaure yana gyaran buhunan da yake auna masara a kasuwa. Ya saurare ni har na gama, bai ɗago ba.

"Balki, karatun naki nan ya kawo ki? Matar wanda ya shiga daji za ki kawo mani gida, ta zauna kan tabarmata?"

"Baffa, ita ba ta shiga daji ba."

"Ni na wanke ƙanena da hannuna. Na ga abin da aka yi mashi. In uwarki ta ga za ta iya, ga hanya nan, ban ɗaure kowa ba. Amma ba a gidan nan ba, kuma ke kada ki ƙara kawo mani maganar."

Baffa ba mugu ba ne, Abba. Shi ya ciyar da mu ba tare da ya taɓa gori ba. Na san idan na ci gaba zan rasa fuskarsa, kuma a lokacin ba ni da wani uba sai shi. Na kwana biyu ina juya abin. Sai wata safiya na ga Inna ta tsaya ta saurari wata mai tallar nono da ke wucewa a waje, tsintsiya a hannunta, har muryar ta ɓace, sannan ta ci gaba da shara. A ranar na hau babur zuwa Farfaru.

Na sami Dije a bayan bukka tana kaɗa nono a gora. Ta rame, amma wuyanta yana nan a miƙe. Ta daɗe tana kallona kafin ta gane ni, sannan ta kama fuskata da hannu biyu, tana warin man shanu da hayaƙi, warin yarintata gaba ɗaya.

"Ɗiyar Hajo. Har yanzu kina kallon sama kina magana ke kaɗai?"

Na ce har yanzu. Muka yi dariya. Na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ta koma kan gorarta tana kaɗawa a hankali.

"Ita ta aiko ki?"

"A'a. Ba ta ma sani ba tukuna."

"To ki je ki tambaye ta. In ta ce kada in zo, ba ta yi laifi ba. In ta ce in zo, saniya ɗaya gare ni yanzu, ɗan'uwana ya ba ni aro, amma nononta ya ishi mutum biyu." Na miƙe zan tafi ta ƙara da cewa, "Har yanzu tana cika wa hura barkono?"

Na ce ta daina yi gaba ɗaya. Dije ta tsayar da gorar. Wannan ya fi taɓa ta fiye da duk abin da na faɗa.

Da na dawo na sami Inna tana tsince shinkafa a tire. Na zauna kusa da ita na zayyana mata komai, har maganar Baffa ban ɓoye ba. Na ce Dije ta tambaya ko har yanzu tana cika barkono. Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar.

"Ita da ke sayar wa mutane ruwan rijiya ce za ta yi maganar barkonona?"

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta, ni ma ban matsa ba. Washegari da hantsi ina shirin fita makaranta na ji kaji suna kuka a bayan ɗaki. Na leƙa. Inna ta kore su, ta tayar da turmin tsaye tana wanke shi da toka.

Tun da Baffa ya hana gidansa, a makarantarmu aka yi, ranar da babu karatu, a inuwar dalbejiyar da ke bayan ajina. Mariyama ta shimfiɗa tabarma, ta kafa kyamara a kan ƙafafunta uku. Inna ta iso da kwanon fura a lulluɓe, ta kalli sandar ɗaukar murya da ke lilo bisa kanta ta ce a janye mata jelar tunkiyar nan kada gashi ya zuba a abinci. Ba a jima ba Dije ta shigo ta ƙofar makaranta da ƙwarya a ka. Na ga Inna ta gyara mayafinta sau biyu ba tare da ya zame ba.

Dije ta sauke ƙwaryar, ta durƙusa a gefen tabarma. A karon farko a rayuwata na ji sun gaisa irin gaisuwar mutane, kuma abin ya fi komai ban tsoro.

"Hajo, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai godiya. Ya namu haƙurin?"

"Da godiya. Ban zo maki gaisuwa ba."

"Ni ma ban je ba."

Kowace ta tsura wa saƙar tabarma ido. Can Inna ta yi tambayar da na san ta daɗe tana cin ta.

"Naki yana wurin, ranar da aka kashe Malam?"

"Ban sani ba, Hajo. Wallahi ban sani ba. Tun da ya bar ruga sau ɗaya na gan shi, kuma wanda na gani ba shi ne wanda kika sani ba. Naki fa, yana cikin 'yan sa-kan da suka zo rugarmu?"

"Ban sani ba. In ya fita ba ya faɗa mani inda za shi."

Ba wadda ta ce ta yafe, ba wadda ta nemi a yafe mata. Duk wanda ya ce maka an yi haka, bai kalli fim ɗin da kyau ba.

Sai Mariyama ta matso a hankali ta ce, "Inna, yanzu ki kalli nan, ki faɗa mana sunan mijinki."

Inna ta dube ta kamar ta ce ta tuɓe ɗankwali a tsakiyar kasuwa.

"Sunan wa?"

"Sunan mai gidanki, marigayi."

"Ke ɗiyar nan, a Maradin haka kuke yi? Shekara nawa ina gidansa ban faɗa ba, sai yau da ƙasa ta rufe shi zan kama sunansa a gaban jelar tunkiya?"

Mariyama ta juya wajen Dije. Kafin ta buɗe baki Dije ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, kafaɗunta suna rawa. Dariya take yi. Inna ta harare ta, sai ita ma ta kasa riƙewa. Mariyama ta dafe kai ta ce da ni cikin raɗa, kakarta ma ba ta taɓa faɗin sunan kakanta ba, yaya aka yi ta manta? Ni da na girma a ɗakin Inna ma na manta, daɗin magana ya ɗauke ni. Ta sake gwadawa, ta yi musu bayanin rediyo da mutum kaza, ta ce fim ɗinta gaba ɗaya a kan sunayen nan ya tsaya. Suka saurare ta da ladabi, suka tausaya mata, suka ce a'a. Ta ce to ko Balki ta faɗa? Inna ta ce Balki ta faɗa mana, ai ubanta ne, amma Mariyama ta girgiza kai, ta ce ba muryar 'ya take nema ba. Na ga ta kai hannu za ta kashe kyamara. Raina ya ɓaci, na ce shi ke nan, na ɓata da Baffa a banza, yanzu kowace za ta ɗauki kayanta ta tafi.

Amma Inna ba ta iya zama hannu sake. Tana cikin sauraron Mariyama ta riga ta jawo ƙwaryar Dije, ta ɗaga faifan ta leƙa.

"Saniya ɗaya, amma rijiyar tana nan."

"Kindirmo ne, tsohuwar banza, sa ludayi ki ga ko zai faɗi. Kawo hurar."

Dije ta gutsura curi ɗaya ta kai baki, ta yamutsa fuska, ta hura iska.

"Kai, Hajo. Ba ki tuba ba. Shi ya sa Isiyaku ke zagayowa ta bayan gida yana ce mani, Dije, ƙara mani nono a ɓoye, matar nan za ta ƙone mani hanji."

Sunan ya faɗo a tsakiyar tabarma. Dije ba da niyya ta yi ba, bakinta ne ya bi tsohuwar hanyarsa. Ludayin da ke hannun Inna ya tsaya. Ni kuma na ji kamar an buɗe taga a ɗakin da ya daɗe a rufe, har na ga Baba a bakin zaure, hularsa a karkace, yana miƙa ƙwarya a ɓoye. Inna ta ɗago, idonta ya cika, amma bakinta murmushi yake.

"Ashe haka yake yi mani?"

"Kullum."

"Sake faɗi."

"Me?"

"Sunan. Sake faɗi in ji."

Dije ta gyara zama. Ta sauke mayafin daga fuskarta, ta dubi kyamara kai tsaye, wadda Allah ya sa Mariyama ba ta kai ga kashewa ba.

"Isiyaku ɗan Mamman. Manomi ne. Yana da rowar gero, amma bai taɓa korar saniya daga gonarsa ba. Allah ya jiƙansa."

Inna ta ce amin. Ta share ido da gefen mayafi, ta ajiye ludayi, ita ma ta juya ta fuskanci kyamarar. Ba wanda ya roƙe ta.

"Buba ɗan Sambo. Makiyayi ne. Shanunsa sun cinye mani kuɓewa ba sau ɗaya ba. Ranar da ɗiyata ta faɗa rijiyar lambu tana ƙarama, shi ya shiga ya fito da ita. Abin da ya yi daga baya yana tsakaninsa da Ubangijinsa. Ni wanda na sani ke nan. Allah ya gafarta mashi."

Ɗiyar da ta faɗa rijiya ni ce, Abba. Ina kallon gajimare na taka bakin rijiyar.

Dije ba ta ce amin da ƙarfi ba. Ta sunkuyar da kai, leɓenta na motsi. Tun da mijinta ya mutu ba wanda ya ambaci sunansa ya haɗa da addu'a a gabanta, sai ranar. Bayan nan Inna ta dama furar, ta miƙa wa Dije ludayi, ta ɗauki nata, ta sha. Ta sha sosai, babu maganar ƙirji. Mariyama da mai sandar murya suka ajiye kayan aiki suka zauna, aka ba su nasu. Mai shirun nan ta kurɓa ɗaya barkono ya kama ta, ta yi ta tari, Dije tana bubbuga bayanta tana cewa ga shaida nan Allah ya kawo. Har la'asar muna wurin. Daga baya Mariyama ta bi wannan hanya da sauran matan da ta samu: inda mace ta ji kunya, sai ta nemo wadda ta san mijin ta faɗa a madadinta.

Abin bai zo kyauta ba. Labari ya riga mu isa gida. Baffa ya daina amsa gaisuwata, in na durƙusa a zaure sai ya ci gaba da ɗinkin buhunsa kamar iska ce ta wuce. Haka muka ci rani har aka fara shuka. Wasu matan unguwa da suka rasa nasu mazan suka daina shigowa wurin Inna, kuma ban ga laifinsu ba. Akwai wadda har yau in mun haɗu a gidan biki takan sauya wurin zama. Inna kuwa ta koma sana'arta. Ranar kasuwa takan ɗauki kwanonta ta tafi bakin tasha, inda Dije ke jiran ta, su zauna su sayar wa direbobin manyan motoci, masu zuwa Maradi da masu dawowa, suna zagin kayan juna.

Da fim ya kammala Mariyama ta tsallako da shi a kwamfutarta, ta ce Inna ce za ta fara gani. Da azahar ne, muna tsakar gida, mun kewaye allon. Ban san Baffa ya shigo ɗaukar buta ba sai da na ga inuwarsa a kan tabarma. Daidai lokacin Dije take cewa Isiyaku yana zagayowa ta bayan gida. Baffa ya tsaya da butar a hannu. Aka wuce wurin, aka zo kan Inna tana ambaton Buba, na ga muƙamuƙinsa ya motsa, na ce yanzu zai fita. Bai fita ba.

"Balki."

Rabon da ya kira ni har na manta yadda sunana yake a bakinsa.

"Na'am, Baffa."

"Maida shi baya. Wurin da ta ce yana da rowar gero."

Na mayar. Ya saurara, ya ce in sake. A karo na biyun ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya goge fuska da hannun riga.

"Tun yana yaro haka yake. Ko ɗan wake ba ya ba ni." Ya juya zai tafi, sai ya tsaya bai waiwayo ba. "Hajo, in akwai sauran hurar nan a aiko mani zaure. A rage barkono."

Bai taɓa cewa ya yarda da abin da muka yi ba, kuma har yau ba ya gaisawa da Dije. Amma ranar da ta fara zuwa ƙofar gidan da ƙwaryarta, ya janye ƙafarsa daga bakin zaure ta wuce. Shi ya ba da aurena. Da aka haife ka, shi ya raɗa maka sunan ƙaninsa, muryarsa ba a ƙasa ba.

To ka ga inda muka tsaya. Ni ba zan kira ka da sunan ba, ga ka ɗan fari, ga sunan mahaifina, ko rubuta shi da na yi a nan sai da na duba ko akwai mai leƙe. Inna mai sunan Malam take ce maka, in ta so tsokana ta ce maigidana. Kowa Abba yake cewa. Sai ranar kasuwa da hantsi, idan mun kawo ka gidan Baffa, za ka ji sallama daga zaure, sannan murya ta tashi.

"Ina Isiyaku mai rowar gero? Fito ka karɓi nononka kafin tsohuwar nan ta zuba mashi wuta."

Kai kuma ka saki turmin ka nufi ƙofa da gudu, kana tangaɗi. Inna ta ɗaga murya daga inda take daka ta ce wa Dije ba ta da ta ido, a gidan mutane take kama sunan manya. Idan ka girma ka lura da abu ɗaya. Duk faɗan nan da take yi, taɓaryarta a sama take tsayawa, ba ta saukowa sai sunan ya gama fita.